Yadda za ka yi karatun intanet ba tare da kaɗaici da karayar zuciya sun kore ka ba

Kwas biyu na fara a intanet na watsar kafin na samu na kammala na uku, kuma duk wanda ya tambaye ni dalili a lokacin sai in ce masa data ce, ko rashin wuta, ko aiki ne ya yi min yawa. Ba ƙarya nake ba, duk waɗannan suna nan. Amma a kwas na ukun ma kuɗin data bai sauka ba, wutar ma tana nan yadda take, aikin ma ƙaruwa ya yi, abu ɗaya ne kawai ya canza, wato akwai mutum huɗu da muke karatun tare, sun san sunana sun san inda nake makalewa, kuma in na yi kwana uku shiru sai wayata ta yi ƙara.

Daga baya na gane ba ni kaɗai ba ne. A 2011 wasu malamai biyu na jami'ar Stanford a Amurka, Sebastian Thrun da Peter Norvig, sun buɗe darasinsu na ƙirƙirarriyar basira kyauta ga duk duniya, mutum wajen 160,000 suka yi rajista, wajen 23,000 suka kai ƙarshe, kuma wannan ma ana ganin ya yi ƙoƙari sosai. A 2019 mujallar Science ta buga binciken da aka yi kan kwasa-kwasan jami'o'in MIT da Harvard na Amurka da ke dandalin karatun intanet na edX, aka ga a zangon 2017 zuwa 2018 kashi 3 da ɗan wani abu cikin ɗari ne suka kammala, kusan rabin masu rajista ma ko darasin farko ba su buɗe ba. Da yawan mutanen nan a ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa suke zaune, to ka ga kenan ba data ce kaɗai ke korar ɗalibi ba. Ga yadda nake ganin ya kamata mutum ya bi abin, ko kwas ɗin dandalin karatun intanet na Coursera kake yi, ko kana NOUN, wato jami'ar karatu daga nesa ta Najeriya, ko karatu daga nesa na ABU Zariya, ko ma wani aji ne da ake yi ta WhatsApp ko Telegram.

Mataki na farko: ka san sunan abin da ke damunka

Yawancinmu in karatu ya tsaya sai mu ce "kawai na gaji" ko "ba ni da lokaci", alhali abubuwa ne daban-daban kuma kowanne da maganinsa. Akwai ruɗewa, wato ka kalli bidiyo ka ji kanka ya ɗaure. Akwai takaici, ka yi ta gwada abu ɗaya yana ƙi har ka ji kamar ka yi jifa da wayar. Akwai gundura, ido na kan allo zuciya na kasuwa. Sai kuma kunya da fargaba, ka ji kamar kowa ya gane kai kaɗai aka bari a baya.

Ruɗewa ita ce aka fi yi wa mummunar fahimta. Wasu masu bincike, Sidney D'Mello da Arthur Graesser da abokan aikinsu, sun nuna a 2014 cewa ruɗewa tana iya taimakon koyo, da sharaɗin a warware ta. Ɗaurewar kai alama ce ta cewa sabon abu ya ci karo da abin da ka sani a da, ƙwaƙwalwa tana aiki kenan. Matsalar ita ce in ta daɗe ba a warware ba sai ta rikiɗe ta zama takaici, takaicin in ya daɗe ya zama gundura, daga nan sai ka ga mutum ya daina buɗe kwas ɗin ba tare da ya taɓa zama ya yanke shawarar dainawa ba. A aji na zahiri malami zai ga fuskarka ya ce "kai na baya, ka gane kuwa?", ko na kusa da kai ya ɗan raɗa maka, amma a ɗakinka da ƙarfe goma sha ɗaya na dare babu mai ganin fuskar, shi ya sa wannan zamewar ta fi sauri a karatun intanet.

To abin yi mai sauƙi ne, ka ajiye ɗan littafi ko ka buɗe wajen rubutu a wayarka, duk ƙarshen zama ka rubuta layi biyu, me na gane yau, kuma yaya na ji. Wani masani ɗan Jamus, Reinhard Pekrun, ya ce yawancin abin da ɗalibi ke ji game da karatu daga tambaya biyu yake fitowa, shin zan iya, kuma shin abin yana da amfani a wajena. In abin na da muhimmanci a wajenka amma kana ganin ba za ka iya ba, fargaba ce za ta zo. In kana ganin ba shi da amfani, gundura ce. Na farko taimakon mutane yake buƙata, na biyu kuma tuna dalilin da ya kawo ka yake buƙata, kar ka haɗa su.

Mataki na biyu: satin farko ka fito a san da kai

Kafin ma ka yi wa kowa magana, ka zauna minti goma ka rubuta wa kanka dalilin da ya sa kake wannan karatun, ba irin "don in ƙaru" ba, dalili na gaske, misali ina so in riƙa yin lissafin shagon babanmu da kaina, ko ina so in samu ƙarin girma a wajen aiki, ko ina so yarana su ga uwarsu ta koma karatu. René Kizilcec da abokansa a Stanford sun gwada irin wannan ɗan rubutun a farkon kwas, suka buga sakamakon a 2017, ya taimaka wa ɗalibai 'yan ƙasashe masu tasowa sosai wajen dagewa, saboda da yawanmu muna shiga da jin cewa wajen ba namu ba ne. Gaskiya da aka sake gwadawa a kwasa-kwasai wajen 250 amfanin bai kai na farko ba, don haka ba laya ba ce, amma minti goma ne kuma ranar da zuciya ta karye za ka ji daɗin samun takardar.

Sannan ka gabatar da kanka ga 'yan ajin. Sallama, sunan da kake so a kira ka da shi, garin da kake in ka ga dama, abin da ya kawo ka, da abu ɗaya da kake jin zai ba ka wahala. Wannan na ƙarshen shi ne mai muhimmanci, don in ka ce "ni Turancin malamin ne yake min sauri" za ka ga mutum biyar sun ce wallahi mu ma haka, kuma daga nan abota take farawa. A 2000 wasu malamai uku a Kanada, Garrison da Anderson da Archer, sun ce karatun nesa a kan duwatsun murhu uku yake zaune, jagorancin malami, da aikin tunani, da kuma ɗalibai su riƙa jin junansu a matsayin mutane na gaske ba sunaye a allo ba. Mu dai mun san wannan tun a gida, ba ka tambayar wanda ba ku taɓa gaisawa ba abin da zai tona rashin saninka.

Mataki na uku: ka nemo mutum uku zuwa biyar

Nan ne zuciyar maganar, don haka zan ɗan daɗe a kai.

Babban guruf na aji mai mutum ɗari biyu ko ɗari biyar yana da amfaninsa, sanarwa da jadawali da ranar jarabawa, amma ba a nan za ka samu abokin karatu na kullum ba. Jakob Nielsen ya yi wani kiyasi a 2006 cewa a yawancin tarukan intanet kashi 90 karantawa kawai suke, kashi 9 sukan sa baki jefi-jefi, kashi 1 su ne masu yawancin maganar, kuma duk wanda ya taɓa zama a guruf ɗin aji ya san haka ne. A cikin taron nan in ka ɓace babu mai lura. A cikin mutum huɗu kuwa in ka ɓace rubu'in ajin ne ya ɓace.

Labarin da ya fi tsaya min a rai shi ne na wani malamin lissafi, Uri Treisman, a jami'ar Berkeley ta Amurka a tsakiyar shekarun 1970. Ya ga ɗalibai baƙar fata masu hazaƙa, waɗanda suka zo da sakamako mai kyau daga sakandare, suna ta faɗuwa a lissafin shekarar farko, 'yan asalin Sin kuma suna ci. Abokan aikinsa suka yi ta kawo dalilai, talauci ne, rashin himma ne, raunin makarantun baya ne. Sai ya bi ɗalibai ashirin daga nan ashirin daga can ya ga yadda suke karatu da idonsa. Abin da ya gani shi ne baƙaƙen suna karatu tuƙuru amma kowa shi kaɗai a ɗakinsa, sun raba karatu daban abota daban, su kuwa ɗayan ɓangaren kowa zai yi nasa shi kaɗai tukuna sannan da yamma su haɗu su ci abinci su baje aikin suna gyara wa juna, har in tambaya ta gagari kowa su gane cewa tambayar ce mai wuya ba su ne dakikai ba. Wanda yake shi kaɗai ba shi da hanyar sanin wannan, duk abin da ya gagare shi sai ya ɗora wa ƙwaƙwalwarsa laifi. Da Treisman ya shirya musu zaman aiki tare a kan tambayoyi masu wuya sakamakonsu ya tashi sosai.

Mu ma ai ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Wanda ya yi karatun zaure ya san Ta'alimul Muta'allim na Zarnuji yana da fasali guda a kan zaɓen ilimi da malami da abokin karatu, kuma ya ƙarfafa muzakara tsakanin ɗalibai. Mahaddata ma ba sa yarda da haddar da mutum ya yi shi kaɗai sai wani ya riƙe masa ya saurara. Abin da ya faru kawai shi ne da karatun ya koma cikin waya sai muka ɗauka shi ma kamar kallon fim ne, kowa da nasa.

Yadda za ka zaɓa: ka yi sati ɗaya ko biyu kana lura da babban guruf. Kar ka bi wanda ya fi kowa surutu, kuma ba dole sai wanda ya fi kowa ƙoƙari ba. Ka nemi wanda yake yin tambaya mai ma'ana, da wanda in ya ba da amsa ba ya wulaƙanta mai tambaya, da wanda lokacinsa ya yi daidai da naka. Ka yi masa magana ta gefe da ladabi, "Salam, ɗan uwa na ga tambayar da ka yi jiya ni ma a nan na tsaya, ina so mu haɗa mutum huɗu mu riƙa bita sau ɗaya a sati, ko za ka samu dama?" Wasu za su yi shiru, wasu su ce to su ɓace, kar ka ji komai, ka tambayi shida don ka samu uku. Zai fi kyau a samu wanda ya ɗan fi ku da wanda kuka ɗan fi, amma kar tazarar ta yi yawa, in ɗaya ya yi muku nisa sosai zai koma malami ku koma masu saurare, shi ya gaji ku kuma ba ku motsa ƙwaƙwalwa ba.

'Yan uwa mata, ku kuna da ƙarin abin dubawa kuma ba ƙaramin abu ba ne. Da yawa sun daina magana a ajin gaba ɗaya saboda daga yin tambaya ɗaya sai saƙonni su fara shigowa ta gefe waɗanda ba na karatu ba. In hankalinki ya fi kwanciya da mata zalla ki haɗa na mata zalla, ba kya buƙatar ba wa kowa haƙuri a kan haka, kuma a Telegram ana iya ɓoye lambar waya. In akwai maigida ko iyaye a sanar da su lokacin zaman tun farko, ya fi a zo ana tsakiyar zango a ce a daina. Mu maza kuma mu ji tsoron Allah, wadda ta zo neman ilimi a bar ta ta nema.

In akwai waɗanda kuke gari ɗaya ku haɗu ido da ido ko da sau ɗaya a wata ne, zumunta a ƙafa take. 'Yan NOUN kuna da cibiyoyin karatu a jihohinku, ba sai ranar jarabawa kaɗai ake zuwa ba. Wata ƙungiya mai suna P2PU ta fara irin wannan da ɗakunan karatu na birnin Chicago a 2015, mutane su haɗu sau ɗaya a sati su yi kwas ɗin intanet tare, daga baya aka kai tsarin har ɗakunan karatu na Kenya, kuma mai jan zaman ba sai ya san fannin ba.

Mataki na huɗu: ku tsara zaman, kar ku bar shi "sai mun samu lokaci"

Rana ɗaya, lokaci ɗaya, kowane sati. Ku ɗaura shi a jikin abin da ba ya motsi, misali Asabar bayan la'asar ko Laraba bayan isha'i, awa ɗaya ta isa. Ba sai da bidiyo ba, kiran murya na WhatsApp ba ya cin data sosai, wanda sabis ɗinsa ya yanke a tura masa taƙaitaccen saƙon murya bayan an gama.

Sharaɗi na farko kowa ya kalli darasin kuma ya gwada aikin shi kaɗai kafin a zo, ko da bai gama ba. Zaman ba wajen kallon bidiyo tare ba ne. Mu yadda muke yi, minti biyar na farko gaisuwa ce ta gaske, ya gida ya jiki ya mai jego, kuma kowa ya faɗi yadda satin ya zo masa da karatun, kar ku raina wannan don a nan ne za ku ji wanda ya fara sarewa. Daga nan mutum ɗaya ya yi bayanin darasin satin da bakinsa da Hausa, littafi a rufe, kamar yana yi wa ƙaninsa, sauran su tare shi da tambaya, sati mai zuwa wani ne zai yi. Wallahi sai ka zo yin bayani za ka gane cewa abin da kake ji kamar ka gane a bidiyo ashe muryar malamin ce kawai ta yi maka daɗi. Eric Mazur, malamin fiziks a Harvard, ya gano haka a farkon shekarun 1990, ɗalibansa suna cin tambayoyin da ake warwarewa da lissafi amma ba su fahimci ma'anar abin ba, sai ya koma yana jefa tambaya kowa ya zaɓi amsarsa shi kaɗai sannan ya juya ya shawo kan na kusa da shi, kuma ya lura wanda bai daɗe da gane abu ba sau da yawa ya fi farfesa iya bayaninsa, saboda bai manta inda wuyar take ba.

Ku ma ku yi haka, ku ɗauki tambaya biyu ko uku masu wuya, kowa ya rubuta amsarsa kafin a ji ta kowa, sannan a buɗe. In aka saɓa to an zo wajen, nan ne karatun yake. Minti biyar na ƙarshe kowa ya faɗi abin da zai yi kafin zama na gaba, a fili, "zan gama bidiyo na huɗu da na biyar ranar Talata da asuba", ba "zan yi ƙoƙari" ba.

Mataki na biyar: ka koyi yin tambaya

Bukhari ya kawo maganar Mujahid cewa mai kunya da mai girman kai ba sa samun ilimi, kuma a wajen ya kawo yabon da Nana A'isha ta yi wa matan Ansar cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Kunya tarbiyyarmu ce kuma ina alfahari da ita, amma ba a nan ne muhallinta ba. A intanet abin ya fi nauyi saboda tambayar a rubuce take tana nan kowa zai gani, ga tsoron kar a yi dariyar Turancinka. Ka tuna waɗancan kashi 90 masu shiru, a cikinsu akwai da yawa da suke addu'ar wani ya yi tambayar nan da ke ranka.

Ka sa wa kanka iyaka, in na yi minti talatin a waje ɗaya ban motsa ba zan tambaya. Kar ka tambaya tun ba ka gwada ba, kar kuma ka kwana uku kana fama. Tambayar ta ƙunshi inda kake, abin da ka gwada, da inda ya tsaya. "Ban gane ba a taimaka" ba mai iya amsa ta. Amma "darasi na 6 minti na 12, na bi yadda ya yi na samu 45 shi kuma ya samu 54, ga hoton aikina" ko mai sauri zai tsaya ya duba. In an amsa maka ka dawo ka ce ya yi ko bai yi ba, kuma in kai ka gano da kanka ka rubuta yadda ka yi don na bayanka.

Mataki na shida: in za ka gyara wa wani ka tuna rubutu ba shi da fuska

Hausawa suka ce labarin zuciya a tambayi fuska, to a nan babu fuskar. Justin Kruger da Nicholas Epley sun gwada wannan a 2005, masu tura saƙon imel suna da tabbacin za a gane da wasa suke ko da gaske, amma masu karantawa da kaɗan suka ɗara canki-canka wajen ganewa. Kai ka rubuta "ai wannan mai sauƙi ne" da nufin ƙarfafa gwiwa, ita kuma da ta kwana a kai ta karanta shi a matsayin "ke ba ki da kai". A namu zaman haka ta taɓa faruwa, wata baiwar Allah ta yi sati biyu ba ta ce uffan ba saboda kalma ɗaya da wani ya rubuta ba da wata manufa ba, sai da aka kira ta aka ji.

Don haka ka fara da abin da mutum ya yi daidai, kuma ka faɗe shi takamaimai ba "ma sha Allah ya yi kyau" kawai ba, sannan ka nuna waje ɗaya ko biyu da za a gyara, a kan aikin ba a kan mutumin ba. In gyaran mai nauyi ne ka yi shi ta gefe ko da saƙon murya, murya tana ɗauke da tausasawar da rubutu ba ya ɗauka. In kai aka ɓata wa rai kar ka amsa a lokacin, ka bari ka yi sallah ka huce, ka sake karantawa, sau da yawa za ka ga ba haka ake nufi ba. Wasan ƙabila da na garuruwa da muka saba a gida, a aji mai baƙi daga wasu wurare ka ajiye shi, ba kowa ya san wasa ba ne.

Mataki na bakwai: ka lura kar zumunci ya cinye karatun

Wannan shi ne ɗaya gefen da ba a cika faɗa ba. Jin daɗin mutane ba shi ne koyo ba. Akwai guruf da za ka ga saƙo ɗari uku a rana, barka da Juma'a, sitika, siyasa, ƙwallo, tallan atamfa, kowa na jin daɗi kowa na jin yana cikin karatu, ranar jarabawa kuma ido ya raina fata. Zumuncin amfaninsa shi ne ya riƙe ka a wajen kuma ya cire maka tsoron tambaya, shi kuwa ilimin sai an yi gumi a kan darasin. Ku yi yarjejeniya tun ranar farko, ba turo saƙonnin da ba su shafi karatu ba, in ana son hira a buɗe mata wani wajen daban. Babban guruf kuma ka kashe ƙararsa ka riƙa leƙawa sau ɗaya ko biyu a rana.

Sai maganar tura amsoshi. Wani zai ga taimako ne ya turo amsar aikin da za a ba da maki, irin TMA na 'yan NOUN ko kwiz na sati. Ba taimako ba ne, ha'inci ne, kuma kun cuci wanda ya kwafa don ranar da zai zauna shi kaɗai gaban kwamfuta babu ku. Ku tattauna hanya, ku yi misalai masu kama, amma kowa ya rubuta nasa.

Akwai kuma ciwon kwatanta kai da wasu. Todd Rogers da Avi Feller sun duba wani babban kwas a 2016 inda ɗalibai ke duba rubutun juna, suka ga waɗanda aka ba su rubuce-rubuce mafiya kyau su duba sun fi saurin barin kwas ɗin, saboda sun ɗauka kowa haka yake su ne kawai a ƙasa. Ka tuna masu ɗora satifiket da maki ɗari su ne ake gani, wanda ya samu arba'in ba ya ɗorawa. In kai ne mai ƙoƙarin, ka riƙa faɗin inda ka sha wuya ma ba sakamakon kaɗai ba.

Gwajin da nake yi duk sati biyu shi ne in kife waya in ɗauki farar takarda in rubuta abin da na koya ba tare da na duba komai ba. In takardar ta cika to zaman namu na aiki. In na ga sunayen mutane da labaransu na fi tunawa fiye da darasin, sai in faɗa wa 'yan uwa mu gyara tsarin.

Mataki na takwas: malami ma mutum ne

Ka halarci zaman kai tsaye in ana yi, ko sau ɗaya ka yi magana a ji muryarka. In abu ya gagare ku ku duka ku tura tambaya ɗaya da sunan ku huɗun, "Malam barka da aiki, mu huɗu ne muka gwada kaza muka tsaya a kaza", irin wannan ta fi samun amsa. In rashin lafiya ko rasuwa ko haihuwa ta sa za ka makara da aiki ka sanar kafin wa'adi ya wuce. A manyan kwasa-kwasai na kyauta kuwa mai dubban ɗalibai kar ka sa ran malamin zai amsa da kansa, kar shirunsa ya karya maka gwiwa.

Mataki na tara: ranar da wani ya yi shiru

Za ta zo, galibi wajen sati na uku zuwa na biyar lokacin da ɗokin farko ya wuce aikin kuma ya fara nauyi, ko lokacin azumi, ko damina ga masu noma, ko biki a gida. Ku yi alkawari tun farko cewa duk wanda bai zo zama ɗaya ba kuma bai yi magana ba mutum ɗaya zai kira shi, kira fa ba rubutu a guruf ba, kuma ba da "ina ka shiga ka bar mu" ba. Wanda ya yi baya kunya ce take hana shi dawowa, kullum yana cewa bari in cim musu tukuna sannan in fito, kullum tazarar na ƙaruwa. Abin da yake buƙatar ji shi ne "ɗan uwa lafiya dai ko, mun yi kewarka ranar Asabar, kar ka damu da abin da ya wuce ka zo haka nan, darasi na 7 za mu yi ni zan ba ka taƙaitaccen na 5 da na 6 a minti goma kafin a fara".

In kuma kai ne ka ɓace, kar ka jira sai ka biya bashin darussan duka. Ka tura layi ɗaya yau cewa kana nan abubuwa ne suka sha kanka, ka buɗe darasin da ake kai yanzu ka yi minti ashirin a kansa, na bayan ka riƙa cike su ɗaya-ɗaya a ranakun da ba zama. In abin da ke damunka ya wuce karatu, baƙin ciki ne da ya daɗe ko rashin barci ko ka ji komai ya fita daga ranka, ka faɗa wa wani na kusa da kai a gida kuma ka ga likita, yawancin kwasa-kwasan nan ana sake buɗe su, a jami'a ma akwai hanyar neman ɗage zango a rubuce, ka tambayi ofishin da ke kula da ɗalibai yadda ake cikewa kafin lokacin rajistar jarabawa ya wuce.